Ranar da Na Kasa Taɓa Mijina

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yau sai in ajiye tabarau in manta inda na sa shi, jikokina ma sai na kira suna uku kafin in dace da na wanda nake nema. Amma akwai wata Asabar ta damina a Panshekara da ta ƙi dusashewa a raina, kuma na san ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Amarya nake a lokacin, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Daga wani ƙauye da ke cikin duwatsun Filato aka kawo ni Kano. Ni da maigidana garinmu ɗaya, tun a ƙungiyar mawaƙa ta majami'armu muka fara son juna. Ya riga ni zuwa birni, ya sami aiki a wani kamfanin jima a Challawa, inda ake gyara fatun awaki da na tumaki. Da ya ga ya tsaya da ƙafarsa sai ya kama ɗaki a wani gidan haya a Panshekara, ya je aka ɗaura mana aure, ya taho da ni. Mutum ne marar yawan magana. In ya dawo daga aiki sai ya ɗebi ruwa ya shiga wanka, ya yi ta dirzar jikinsa da sabulun salo, amma duk da haka warin majema ba ya barinsa gaba ɗaya. A farkon zuwana warin bai taɓa damuna ba. Warin mijina ne, kuma da shi muke ci.

Ban daɗe ba ni ma na sami aiki a wata masaƙa a Sharada. Aikina duba yadi. Yadin zai riƙa wucewa ta gabana a kan wani allo mai fitila a ƙarƙashi, in na ga inda zare ya tsinke ko ya cure sai in sa alama da alli. Aiki ne mai sa mutum ya tafi duniyar tunani. Ƙarar injuna ba ta barin ka ji maganar kowa, yadi kuma yana ta malala kamar kogi, fari fat, ba farko ba ƙarshe. Sai in tsura masa ido in ga duwatsun garinmu, in ga hazon safiya yana sauka a kan gonakin acca, in ji kamar muryar mahaifiyata tana kirana daga bayan rumbu. Kewar gida ta kama ni ƙwarai, amma ban gaya wa kowa ba. Kano ta yi mini faɗi, ta yi mini shimfiɗe, ba dutse ko ɗaya da zan jingina idona a kansa.

A masaƙar nan akwai wani bakanike mai gyaran injunan saƙa, mutumin kudancin Zariya, wanda yanzu ake ce wa kudancin Kaduna. Kirista ne, kuma mu 'yan tsirarun Kiristocin wurin Malam muke ce masa. In an busa jiniyar hutun rana sai ya zauna a gindin wata darbejiya da ke bayan ɗakin injuna, ya goge baƙin mai daga hannunsa, ya buɗe Maganar Allah. Mu biyar ko shida mukan kewaye shi da kwanonin abincinmu. Ina so in faɗi gaskiya a kansa tun yanzu: ba mayaudari ba ne, bai taɓa neman komai a wurin kowa ba. Abin da ya gaskata shi yake faɗa, kuma shi ya fi kowa wahala a kansa.

Muryarsa a hankali take, kamar ta mai rarrashin jariri. Yakan ba mu labarin Isra'ilawan dā a cikin jeji, yadda girgije yake tafiya a gabansu da rana, wuta kuma da dare, yadda abinci yake sauko musu tare da raɓa, yadda suke kafa alfarwa su kewaye ta kabila kabila. In yana magana sai in ɗaga kai in ga hayaƙin kamfanoni ya miƙe sama a kan Sharada, in ji kamar shi ne girgijen nan, mu ne kuma mutanen. Baƙi a ƙasar da ba tasu ba, amma Allah ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin abin da ya shiga raina irin wannan ba.

Daga nan ya kawo mu kan dokoki. Ya ce Allah ya ba mutanensa shari'a, ya gaya musu abin da za su ci da wanda ba za su ci ba, ranar da za su huta, abin da in sun taɓa sun ƙazantu. Ya ce, "'Yan'uwa, wa ya soke waɗannan? Allah ba ya magana biyu. Mu ne muka ga sun yi mana nauyi muka sauke." Ni kuwa na ɗauka da hannu biyu. Na daina cin tarwaɗa saboda ba ta da kamɓori a jikinta, alhali ita ce kifin da maigidana ya fi so, masunta na kawo ta ɗanya daga kogin Challawa. Na daina hura wuta ranar Asabar, sai in dafa tun Juma'a da yamma mu ci da sanyinsa. Na roƙi wata abokiyar aikina Musulma muka yi musaya, ina yi mata Juma'a tana yi mini Asabar. Duk dokar da na ƙara sai in ji kamar na matsa taku ɗaya kusa da alfarwar nan. Kewar gida ta ragu. Har waƙa na koma yi in ina wanke-wanke.

Wata rana bayan karatu Malam ya tambaye ni, "'Yar'uwa, maigidanki wane aiki yake yi?"

Na ce, "Majemi ne, Malam, a Challawa."

Ya buɗe wani wuri a cikin Littafin ya karanta mini. Ya ce duk wanda ya taɓa mushe ya ƙazantu har faɗuwar rana, abin da ya taɓa ma haka. Na ce ai fatun yankakkun dabbobi ne. Ya girgiza kai ya ce, "Fatun da ake lodowa a manyan motoci daga ko'ina, wa ya san na yanka wa ya san na mushe? Wani lokaci ma har da na guza da na mesa ake kawowa. Ni dai na faɗa miki abin da ke rubuce."

Kwana uku ina juya maganar kafin na iya furta ta. Da na gaya wa maigidana, na zaci zai yi faɗa. Da ma ya yi. Sai ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, wanda ruwan jima ya rina har ya koma kamar na mai lalle. Ya ce, "Yanzu me kike so a yi, amarya?" Na ce in ya dawo ya yi wanka a waje, ya sauya kaya, ya jira rana ta faɗi sannan ya shigo ɗaki. Na ware masa kwanon sha da na ci. Na ce ya daina zuwa aiki ranar Asabar. Ya ce wannan kam ba zai yiwu ba, korarsa za a yi. Sauran kuwa ya ce, "To, in hakan zai kwantar miki da hankali."

Haka muka shiga wani irin zama. Aikin safe yake yi, wajen ƙarfe uku ya dawo. Akwai wani tsohon turmi da aka kife a gefen ƙofarmu, a ƙarƙashin 'yar inuwar kwano. A kansa yake zama. Ni ina ciki, shi yana waje, labule ne kawai tsakaninmu. Ba mu da agogon bango, don haka kiran sallar Magariba daga masallacin unguwa shi ne ya zama alamarmu. Da ladan ya ɗaga murya sai in ɗaga labule in ce, "Sannu da zuwa," kamar yanzu ya iso. Yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. A lokacin kuwa gani nake wani abu mai kyau muke yi, ni da shi, irin wanda mala'iku ke leƙowa su kalla.

Ɗakin da ke kallon namu na wata mata ne mutuniyar Gumel, Musulma, ta girme ni da kamar shekara goma. Mijinta yana aiki a wani kamfanin takalman roba. Mace ce mai kunya ƙwarai, ko gaisawa da maigidana za ta yi sai ta ja mayafi ta juya gefe. Wata rana muna tsintar shinkafa ta ce mini, "Amarya, faɗa kuka yi da maigidan ne? Kullum ina ganinsa a kan turmi kamar baƙo." Na yi mata bayani da alfahari. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ikon Allah. Mu dai in mutum ya taɓa najasa wankewa yake yi, shi ke nan. Ashe naku ya fi namu tsauri." Na ji daɗin maganar, na ɗauka yabo ne.

Mun kai wajen wata biyu a haka, har damina ta yi nisa. A makon da abin ya faru maigidana yana ta tari, yana cewa jikinsa ba daɗi, amma bai fasa zuwa aiki ba. Ranar Asabar ɗin na wuni a ɗaki, ba wuta, ba aiki. Na kwanta a kan tabarma da Littafi a ƙirjina. Iska mai sanyi tana kaɗa labule, gari ya yi luf, hasken ɗakin ya koma ruwan toka. Na ji shigowarsa gidan, na ji ƙarar bokiti, na ji ya zauna a kan turmi yana tari. Na ce a raina bari in ba shi bargo, sai na tuna bargon zai ƙazantu, na bari.

Sai ruwa ya sauko. Da fari yayyafi ne a kan kwano, kamar ana watsa gero. Ban yi barci ba, ban kuma kasance a farke ba. Ina jin ruwan, amma a jeji nake. Ina ganin alfarwai jere har iyakar gani, farare, iska tana kumbura su. Ina ganin mata sanye da fararen kaya suna tsintar abinci a cikin raɓa, mahaifiyata tana cikinsu, tana yi mini murmushi tana yafuto ni. Bayan alfarwan kuma ga duwatsun garinmu, girgije ya sauko ya zauna a kansu. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a wurin ba. Ruwan ya ƙarfafa, iska ta juya tana kora shi ta ƙarƙashin inuwar kwanon, daidai inda turmin yake. Wani sashe na zuciyata ya san haka. Ɗaya sashen ya ce saura kaɗan a kira Magariba.

Salatin maƙwabciyata ne ya fizgo ni. Na zabura na yaye labule. Maigidana yana kwance a ƙasa, ya zame daga kan turmin, rabin fuskarsa a cikin ruwan da ke gudu zuwa kwata. Jikinsa yana karkarwa, leɓɓansa sun yi fari. Na yi tsalle na fita. Na isa gabansa, na miƙa hannu, sai na tsaya.

Wannan tsayuwar ita ce abin da ba zan manta ba. Ba ta fi numfashi uku ko huɗu ba, amma na tsaya. Rana ba ta faɗi ba. Abin da ya zo mini ke nan, mijina yana kwance a cikin ruwa. Hannuna yana miƙe a iska, ruwan sama yana dukansa, ya ƙi ƙarasawa.

Maƙwabciyar nan, wadda ko ido ba ta haɗawa da shi, ita ta fito a guje ba mayafi, ta durƙusa a cikin taɓo, ta tallafo kansa ta ɗora a cinyarta. Ta ɗago ta dube ni ta daka mini tsawa, "Ke! Mijinki ne fa! Kama ƙafafunsa!" Kamar an mare ni na farka. Na rungumo shi, muka ja shi ciki, muka kwantar da shi a kan gado da jiƙaƙƙun kayansa. Jikinsa zafi kamar garwashi. Ta ce in ɗora ruwan zafi. Na kunna risho, ko tunawa ban yi ba cewa Asabar ce sai da na ga harshen wutar. Mijinta ya fita cikin ruwan nan ya samo wata a-kori-kura, aka ɗauke mu zuwa asibiti a cikin gari. Muna hanya na ji ana kiran Magariba daga wani masallaci, na kifa kaina a ƙirjin mijina na fashe da kuka.

Likita ya ce sanyi ne ya kama masa huhu, ga zazzaɓi a kai. Ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. Ina zaune a gefen gadon ina kallon ruwan da ake ƙara masa yana ɗiga, ina riƙe da hannun nan nasa rinanne, wanda na yi wata biyu ina gudu.

A rana ta uku wani dattijon majami'ar da muke zuwa a Kano ya zo dubiya. Baba muke ce masa duka. Shi ma tsohon majemi ne, tun ana jima da bagaruwa a cikin rami ya fara, da ƙarfinsa ya ragu ya koma gadi a wani kamfani a Bompai. Karatunsa ba mai yawa ba ne, da yatsa yake bin layi. Ya yi wa maigidana addu'a, sannan ya ce in fito baranda mu sha iska. Ban jira ya tambaya ba, na kwashe komai na gaya masa, har tsayuwar nan. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya shimfiɗa hannuwansa a kan gwiwa, duk sun yi kanta, ya ce, "'Yata, dubi waɗannan. Shekara talatin suna cikin fata. Da su nake karɓar gurasar jibin Ubangiji a majami'a."

Ya ce, "Bari in ba ki labari daga cikin Littafin da kike riƙe da shi. Akwai wani babban manzo, Bayahude haifaffe, tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sa abin da shari'arsu ta hana a bakinsa ba. Ya je wani gari a bakin teku. Kin san gidan wa ya sauka, ya yi kwanaki? Gidan majemi. Ya kwana a cikin warin nan da kika sani. A kan soron gidan majemin nan ne, da rana tsaka, yana jin yunwa, Allah ya nuna masa wani babban mayafi ana saukowa da shi daga sama, cike da dabbobin da bai taɓa ci ba. Aka ce ya ci, ya ce shi ba ya cin ƙazanta. Aka gargaɗe shi kada ya ƙara kiran abin da Allah ya tsarkake ƙazanta. Ba a masujada aka nuna masa ba, 'yata. A gidan irinmu."

Na ce, "To Baba, dokokin nan ƙarya ne ke nan? Ai a rubuce suke, da idona na gani."

Ya ce, "Subhana, ba ƙarya ba ne. Allah ne ya bayar, kuma masu kyau ne. Amma wa aka ba, kuma don wane lokaci? In kika dasa mangwaro kina kewaye shi da ƙaya don kada awaki su cinye. In ya girma ya yi rassa, ƙayar ta gama aikinta. Ba wanda zai ce ƙayar laifi ce, ba kuma wanda zai zauna yana ba ta ruwa. Allah ya keɓe al'umma guda, ya yi mata shinge da abinci da ranaku da wanke-wanke da hadayu, har Almasihu ya fito daga cikinta. Da ya zo, kuturu ya taɓa, gawa ya taɓa, wata mace mai zubar jini ta taɓa shi, bai ƙazantu ba, su ne suka warke. Wannan tambayar taki ma ba sabuwa ba ce. Tun farkon ikilisiya aka yi ta, da irinmu waɗanda ba Yahudawa ba suka fara ba da gaskiya. Manzanni suka zauna suka tattauna, suka ce kada a ɗora mana wannan kaya, sai 'yan abubuwa kaɗan da suka ja mana kunne a kai."

Na ce, "Ke nan ba sauran doka a kanmu?"

Ya yi dariya ya ce, "Wa ya gaya miki? Kada ki yi kisa, kada ki yi sata, kada ki yi zina, kada ki yi shaidar zur, ki girmama iyaye, ki ƙaunaci Allah, ki ƙaunaci ɗan'uwanki kamar ranki. Waɗannan ba shinge ba ne, su ne itacen. Suna nan daram, sun ma fi dā nauyi, don yanzu har cikin zuciya ake dubawa. Tarwaɗa kuwa, in ba kya so kada ki ci, ba wanda zai tilasta miki. Amma kada ki zaci barinta ne zai sa Allah ya ƙara sonki, kada kuma ki ɗora wa wani."

Bayan tafiyarsa na koma na zauna a gefen gadon. La'asar ce, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan farin zanen gadon. Gajiyar kwana uku ta danne ni, na jingina kaina da ƙarfen gado. Sai na ga kamar yadin masaƙarmu yana saukowa daga rufin ɗakin, a hankali, ba ƙarar inji ko kaɗan. Na ɗaga alli ina neman inda zare ya tsinke in sa alama, na duba, na duba, ban sami ko ɗaya ba. Ban ce wahayi ba ne, gyangyaɗi ne na mai gajiya. Amma da na buɗe ido na ji ƙirjina ya yi sakayau, na kuma tarar maigidana ya farka yana kallona.

Washegari Malam ya zo bayan an tashi daga aiki, da lemo a cikin leda. Labari ya kai masa. Ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin marasa lafiya, fuskarsa duk ta faɗa. Ya ce, "'Yar'uwa, ni ban ce ki bar shi a cikin ruwa ba." Na ce, "Ba ku ce ba, Malam. Ni ce na bar shi." Baba yana nan ranar ma. Suka gaisa, suka zauna a kan benci, suka daɗe suna magana ba mai ɗaga murya. Na ji Malam yana cewa Allah ba ya sakewa. Baba ya ce, "Gaskiya ne, ɗana. Uwa ma ba ta sake ba don ta yaye ɗanta. Ita ce dai, ɗan ne ya girma." Ya kuma tambaye shi, in za a ɗauki shari'ar a ɗauke ta duka, to ina haikalin, ina firistocin, ina ragunan hadaya? Malam ya ce zai je ya yi nazari. Bai ce ya yarda ba, kuma a iya sanina bai daina kiyaye Asabar ɗinsa ba har muka rabu. Amma da ya tashi tafiya sai ya tako har bakin gadon, rana ba ta faɗi ba, ya kama hannun maigidana da hannu biyu ya ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini. Allah ya ba ka lafiya." Ban ƙara jin ya yi wa kowa maganar majema ba.

Sai da aka sallame mu muka koma gida na sami ƙarfin tambayar maigidana abin da ke cina. Na ce, "Don Allah me ya hana ka ɗaga labule ka shigo? Ɗakinka ne fa." Ya ce, "Tun da na kawo ki Kano ban taɓa jin kina waƙa ba sai a kwanakin nan. Na ce in zamana a waje ne zai bar miki wannan, zan zauna." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma idona biyu lokacin da kika tsaya. Na gan ki." Na durƙusa a gabansa. Ya ɗago ni ya ce ya wuce. Sau ɗaya tak ya faɗi maganar nan. Mun yi shekara arba'in da wani abu tare bayan haka, mun haifi 'ya'ya shida, mun yi saɓani irin na kowane aure, amma ko a cikin fushi bai taɓa tayar da ita ba har Allah ya ɗauke shi.

Ni ba malama ba ce, kuma na san har yau akwai masu bi da ke ganin wajibi ne a kiyaye waɗannan dokoki na dā. Ba na faɗa da su, don na taɓa zama a inuwar da suke zaune, na san daɗinta. Abin da na fahimta dai shi ne, ba a ɗora wa Kirista wannan kaya ba, an ɗora masa wanda ya fi shi wuya, wato ya ƙaunaci mutumin da ke gabansa. Ware kwano da ƙin cin kifi abu ne mai sauƙi, har yana sa mutum ya ji kamar ya fi kowa kusa da sama. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana da jikokina, duk ibadar da ta riƙe maka hannu a lokacin da wani ya faɗi a gabanka, ka tsaya ka sake dubanta da kyau. Tsarkin da Allah yake nema a wurina ba ya lalacewa don na taɓa mutum. In zai lalace, to, don na ƙi taɓa shi ne.